Masu Neman Isnadin Aikin Hannu A Jami'ar Zariya

 Ga bayani a kan wani fanni na ilmi da a ke karantarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda labarinsa bai cika isa zaure ko rumfar kasuwa ba, alhali kuwa kayan zaure da na rumfa suna cikin manyan abubuwan da ya ke bincike a kansu.

A ɗauki misalin dattijon da ya gaji riga aska takwas daga kakansa, tana naɗe cikin adaka, ba a fito da ita sai ranar salla. In an tambaye shi wa ya saƙa ƙyallenta, wa ya rina, wa ya zana askar, wa ya zauna wata da watanni yana bin zanen da allura, sai ya ce Allah masani, shi dai haka ya tarar da ita. Amma in aka tambayi wannan dattijo a gun wa ya yi sauka, nan take zai ambaci malaminsa, da malamin malaminsa, har ya kai mutum biyar ko shida bai yi tuntuɓe ba. Sau da yawa kuwa hannun da ya rubuta allo shi ne ya zana rigar. Ga shi an kiyaye silsila ɗaya, an bar ɗayar ta tsinke. Ƙulla wannan silsila da ta tsinke shi ne aikin mutanen da za a ba da labarinsu.

Fasali na farko: Ma'anar wannan fanni

Mazaunin jami'ar yana Samaru, a kan hanyar Funtuwa. Wanda ya shiga ya nemi Sashen Zane-zane, abin da idonsa zai fara faɗawa a kai shi ne wani fili cike da siffofi na siminti da ƙarfe waɗanda ɗalibai suka yi shekara da shekaru suna tarawa. Baƙi da yawa daga nan su ke juyawa, suna zaton sun gama ganin abin da a ke yi a wurin. Amma sashen rassa gare shi. Akwai masu zane da fenti, akwai masu sassaƙa, akwai masu koyon yadda za su koyar da zane a makarantu, sa'an nan akwai reshen tarihin zane da aikin hannu, wanda mutanensa alƙalami da takarda ne kayan aikinsu.

Aikin mai wannan fanni shi ne a ajiye masa abu a gabansa, ko tulu, ko sirdi, ko ƙyauren ƙofa, ko shafin littafi rubutun hannu, shi kuwa ya yi wa abin tambaya biyar: wa ya yi shi, a wane gari, a zamanin wa, da wane irin kaya, kuma don wa aka yi. Bayan waɗannan sai ya ƙara ta shida, wadda ta fi su wuya, watau daga wa mai aikin ya koya, kuma me ya ƙara a kan abin da ya tarar. Wanda ya karanta ilmin maruwaita ba zai ga baƙon abu a nan ba, gama hanyar ɗaya ce: ba a karɓar labari sai an san ta bakin wa ya zo.

Turawa su kan ɗora mafarin wannan fanni a wurinsu ga wani mutumin Italiya, Giorgio Vasari, wanda ya fitar da littafin tarihin gwanayen zane da gini na ƙasarsu a 1550. Amma kada a ɗauka su kaɗai suka kula da wannan. Ibnu Haldun ya ware fasulla a cikin Muƙaddimarsa ga sana'ar gini da sassaƙa da saƙa da rubutu. Marubutan Bagadaza kuma sun kiyaye silsilarsu, daga Ibnu Muƙla wanda ya rasu a 940, zuwa Ibnul Bawwab wanda ya rasu a 1022, zuwa Yaƙutul Musta'asimi wanda ya rasu a 1298. A Istambul marubuci ba ya sa hannu a ƙasan rubutunsa sai malaminsa ya ba shi ijaza. Abin da ya yi ƙaranci a ƙasar Hausa ba gwanaye ba ne, rubuta sunayensu ne.

Fasali na biyu: Samarin da suka ta da magana a 1958

Tun ba a kafa jami'a ba akwai wata kwaleji ta Gwamnati mai koyar da fasaha da kimiyya, tana da rassa a Zariya da Ibadan da Inugu. A Ibadan aka fara koyar da zane a 1953, sa'an nan aka ɗauko sashen aka kawo shi Zariya a 1955. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, Sardaunan Sakkwato yana ubanta na farko, sai ta gaji filin kwalejin da sassanta, har da na zane.

Malaman farko yawancinsu Turawan Ingila ne, ko da ya ke akwai 'yar ƙasa a cikinsu, Clara Ugbodaga-Ngu. Manhajar da suka zo da ita ta makarantun Ingila ce. Yaro ya zo daga Binin ko daga ƙasar Ibo ko ta Yarbawa, inda kakanninsa suka shahara da zubin tagulla da sassaƙa, ya zauna cikin aji mil kaɗan daga ganuwar Zazzau, amma ba a karantar da shi tarihin aikin mutanen Afirka. Wannan ya dami waɗansu daga cikin ɗaliban, har a 1958 suka kafa ƙungiya ta kansu. A cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da Okechukwu Odita. Daga baya mutane suka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya, ko da ya ke ba su fasa taga ba, ba su kuma ƙaurace wa aji ba. Tawayensu duka shi ne su taru bayan darasi su yi muhawara, in an yi hutu kowa ya koma garinsu ya tambayi tsofaffi, ya kwafo zanen bango da na ƙwarya da na jiki, ya dawo ya nuna wa 'yan'uwa. A 1960, shekarar samun mulkin kai, Uche Okeke ya bayyana manufarsu, watau a ɗauki dabarar da aka koya a gun Turawa a aurar da ita ga gadon gida.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba, ta watse a 1961 da manyanta suka gama karatu. Amma iri ya riga ya faɗi a ƙasa mai dausayi. Uche Okeke ya je Jami'ar Nsukka ya gina koyarwa a kan zanen uli na matan Ibo. Grillo ya shugabanci makarantar zane ta Yaba a Ikko. Odita ya zama malamin tarihin zanen Afirka a wata jami'a ta Ohayo a Amurka. Nwoko ya koma gini, har a 2023 aka ba shi babbar lambar girma ta magina a birnin Banis na Italiya. Abokin karatunsu Jimo Akolo kuwa zanen bangon gidajen Hausa ya sa wa ido, ya kuma daɗe yana koyarwa a Zariya.

To, a nan akwai abin lura. Dalilin da ya sa aka san labarin waɗannan samari filla-filla shi ne Uche Okeke mutum ne mai ajiyar takarda. Ya riƙa rubuta abin da ya gudana kullum, ya adana wasiƙu da takardun taro, har ya kafa musu ma'ajiya a garinsu, Nimo. Da irin waɗannan takardu wani shehun malami na Jami'ar Princeton, Chika Okeke-Agulu, ya rubuta littafi a kansu a 2015. A waɗannan shekaru ɗin dai, cikin birnin Zariya, akwai magina da dukawa da maɗinka da ba su gaza waɗannan samari gwaninta ba, amma yawancinsu sunansu ya bi su kushewa, don ba wanda ya rubuta.

Fasali na uku: Baturen da ya zauna gaban masu zanen riga

A 1967 wani Baturen Ingila, David Heathcote, ya zo Zariya ya riƙe koyar da tarihin zane, ya kuwa yi shekara 12 a kai, har 1979. Bai tsaya ga littattafan da ya zo da su ba. Ya shiga birni da ƙauye, Zariya da Kano da Katsina da sauransu, ya zauna a zaurukan masu ɗinki da rumfunan dukawa, yana tambaya yana rubutawa yana ɗaukar hoto.

Abin da ya fi ba da ƙarfi a kai shi ne babbar riga. Mutanen wannan fili sun fi kowa sanin hannu nawa riga ke bi kafin ta hau kafaɗa. Mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, ko fari, ko saƙi mai baba, ko tsamiya wadda a ke samu daga saƙar wata tsutsa, ko barage mai jan alharini wanda fatake ke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Maɗinki ya haɗa ƙyallayen, sa'an nan a kai wa mai zane, ya ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, da tambari, da gidan biyar, da linzami a wuya. Daga nan mai allura ya karɓa, daga shi sai mabugi. Binciken ya tabbatar wa mutanen jami'a abin da zaure ya daɗe da sani, cewa masu zanen nan da yawansu malaman allo ne, masu bin zanen da allura kuwa sau da yawa gardawa ne da ke ciyar da kansu da ɗinki. Hannun da ya saba da ja da baƙi a kan takarda, ya saba fitar da zayyana a allon mai sauka, shi ya fi iya daidaita layi a kan riga ba tare da ma'auni ba.

Heathcote ya samu tarin takardun zane na wani gwani a Kano, Alhaji Sanni, ya yi rubutu a kansu a 1972, ya nuna yadda mai zane ke gwada siffa, ya sāke ta, ya ƙara mata, har ta zauna. Ya kuma rubuta labarin Musa Yola mai zanen bango. Saboda haka sunayen waɗannan mutum biyu suna cikin littattafai har yau, ana karanta su a ƙasashen da ba su taɓa takawa ba.

A 1976 aka yi wani babban biki a birnin London na nuna al'adun ƙasashen Musulmi, aka baje kayan Misra da Farisa da Turkiyya da sauransu a manyan gidajen tarihi. A cikin wannan biki Heathcote ya shirya nunin aikin hannun Hausawa, aka jera riguna da wanduna da huluna, da kayan doki, da aikin fata, da ƙore, da alluna masu zayyana, aka kuma buga littafi mai bayaninsu. A 1979 ya miƙa wa jami'ar kundinsa na digiri na uku a kan ɗinkin tufafin Hausawa. Riga da a ke ciniki a kanta a Kasuwar Kurmi ta zama abin da a ke ba mutum babbar shahada saboda saninsa.

Fasali na huɗu: Yadda a ke horon ɗalibi

Ɗalibi ya kan yi shekara 4 kafin digiri na farko. A aji a kan nuna masa hotunan ayyuka da majigi, daga na Nok da Ife da Binin da Igbo-Ukwu, zuwa na Misra ta dā da Yunan da Rum, da masallatan Ƙurɗuba da Timbuktu, har ya iya duban abu ya ce wannan aikin wuri kaza ne, zamani kaza. Wanda ya zarce zuwa digiri na biyu ko na uku sai ya zaɓi mas'ala ɗaya, ya karanta manufarsa a gaban malamai da 'yan'uwansa ɗalibai, su yi ta yi masa tambayoyi har sai sun ga ƙafarsa ta tsaya. Sa'an nan ya fita yawon bincike, ya dawo ya rubuta kundi, a gayyato malami daga wata jami'a ya zo ya titsiye shi. In ya kare kansa a ba shi shahada, in ya kasa a mai da shi ya gyara.

Babban abin da a ke koya masa shi ne kada ya gaskata magana don ta yi daɗi. Ga misali da takarda. Mai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu ya kan ce ya shekara ɗari biyar. Mai bincike ba zai yi masa gardama ba, sai ya nemi izini ya ɗaga warƙa ɗaya wajen haske. Sau da yawa zai ga hatimin wata uku a cikin jikin takardar, alamar an yi ta a arewacin Italiya, ta biyo ta Misra ko Tarabulus. In kuwa ya ga sunan Andrea Galvani tare da hatimin, to ya san takardar ba ta girme ƙarni na 19 ba, rubutu kuwa ba ya girme takardarsa. Bayan wannan zai dubi hannun, ko Barnawi ne ko Kanawi, ya dubi yadda aka yi kumsa da kuri, da adon sumuni da rubu'i da hizbi, da irin tadarishi da gafakar. Shaidar da ta fi duka ita ce marubuci ya sa sunansa da shekara a ƙarshe. Irin wannan ne wani mai bincike, A. D. H. Bivar, ya gani a wani Alƙur'ani na Barno mai tarihin 1080 na Hijira, watau 1669, wanda ya zama ma'aunin da a ke gwada waɗansu da shi.

Ga misali kuma da gini. Masallacin Juma'a na birnin Zariya an gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda a ke kira Babban Gwani, kuma har yanzu akwai unguwa mai wannan suna a birni. Da tubali da azara ya ɗaura bakan gizo ya ɗora tulluwa a kai, ya yi wa ginshiƙai ado da ƙasa tun tana ɗanya. Ana ba da labari cewa da ya gina wa sarkin Birnin Gwari masallaci, sai sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Ɗalibin kirki zai rubuta wannan labari yadda ya ji shi, da sunan wanda ya gaya masa. Amma zai tuna Larabawa ma suna da irinsa, na Sinimmar wanda ya gina wa Nu'umanu sarkin Hira fadar Hawarnaƙ, aka sāka masa da jefowa daga kanta. Labarin da a ke samu a ƙasa biyu masu nisa, kowa ya ce a garinsu ya faru, sai a riƙe shi da hannu biyu, a nemi wata shaida kafin a ce tabbas.

Wannan masallaci ya nuna amfanin awo da rubutu. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabo na siminti, wani sashe na tsohon ya tafi. Amma wani magini ɗan ƙasar Folan, Z. R. Dmochowski, ya auna ginin ya zana shi a takarda, da wannan awo kuwa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Wani ɗan ƙasa kuma, Hamman Tukur Sa'ad, ya zauna da magina ya rubuta kundinsa na 1981 a kan yadda su da kansu su ke rarrabe kyakkyawan gini da mummuna.

Fasali na biyar: Ranar murna da ranar kuka

Jami'a gari ce, tana da ranakun murna da na kuka. Cikin ranakun murna akwai ƙarshen shekarar karatu, sa'ad da masu fita ke baje ayyukansu jama'a su zo kallo, da ranar yaye ɗalibai. Wadda ta fi cancanta a tuna ita ce ta 1977, da jami'ar ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa. Wannan mace Bagwariya ce daga ƙauyen Kwali, ba ta yi karatun boko ba, ginin tukwane ta koya a gida tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa ajiye tulunanta a fada, a nan Baturen tukwane Michael Cardew ya gan su, a 1954 kuwa ta shiga makarantar tukwane da ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yanzu a ke kira Suleja. Ta je Ingila da Amurka ta gina tulu a gaban jama'a. Ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Mata masu gwaninta irin tata ba su ƙirguwa a ƙasar Gwari. Abin da ya fitar da ita shi ne sarki ya ajiye aikinta, kuma da aka tambaya ya san sunan mai shi.

Cikin ranakun kuka akwai ta watan Fabrairu na 1995, da Gani Odutokun, ɗaya daga cikin manyan malaman sashen, haifaffen ƙasar Gana, ya rasu a haɗarin mota tare da waɗansu abokan aiki, suna komowa daga wani nuni a Ikko. Akwai kuma wata hasara da ba a yi mata zaman makoki, ita ce ta lokaci. A 2022 malaman jami'o'in Gwamnati sun yi yajin aiki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai karatun lissafi in an buɗe makaranta zai tarar da lissafinsa inda ya bar shi. Mai neman tarihin sana'a kuwa shaidunsa tsofaffi ne, kuma ajali ba ya jiran a janye yaji.

Fasali na shida: Abin da ya rataya a wuyan malami da ɗan kasuwa

Wani zai ce, ina ruwan mai tsoron Allah da wurin da a ke tara siffofi? Hukuncin sassaƙa surar abu mai rai sananne ne a littattafan fiƙihu, ba kuwa a wannan fili za a sāke shi ba. Amma sanin tarihin abu daban, yin sa daban. Kuma mafi yawan abin da Hausawa suka gwanance a kai, watau rubutu da zayyana da ɗinki da gini da aikin fata, babu surar mai rai a cikinsa. In masu shi suka juya wa masu bincike baya, za a rubuta tarihin ƙasa babu su a ciki, ko kuwa wanda bai san bambancin kumsa da kuri ba ya rubuta musu.

Ga 'yan kasuwa akwai gargaɗi. Dillalan kayan dā suna yawo gari gari suna sayen tsofaffin riguna da littattafai da kayan doki da araha, su fitar da su waje, inda a ke sayar da su da tsada ba sunan mai yi, ba sunan gari. Tun 1953 akwai dokar kayan tarihi a Nijeriya, a 1979 kuma aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da doka mai lamba 77. Wannan doka ta sa aikin hannun 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918, in yana da darajar tarihi, cikin kayan da ba a cinikinsu sai ta hannun wanda aka yarda masa, ba a kuma fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini. Wanda gadon littattafai ya yi masa yawa, yana tsoron gara ko ɗigar ruwa, akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a ƙarƙashin wannan jami'a, inda a ke adana rubuce-rubucen dā.

Sauran abin da a ke bukata ba ya cin ko kwabo. Marubuci in ya kammala Alƙur'ani ya sa sunansa, da na malaminsa, da garinsu, da shekara. Mai zayyana ya yi haka a bayan allo. Mai tsohuwar riga ya samu dattijon gidan tun yana da rai ya tambaye shi abin da ya sani, ya rubuta da ajami a 'yar takarda ya jefa cikin aljihunta. Mai zanen riga kada ya bari yara su hura wuta da tsofaffin takardun zanensa. Wanda zai rushe zauren kakansa don ya yi na bulo ya sa a ɗauki hotonsa ciki da waje, ga wayar hannu a aljihun kowane yaro, a kuma rubuta sunan maginin. Ɗan koli ya riƙa tambayar masu kawo masa kaya aikin wane ne, gama kaya mai asali ya fi marar asali daraja ko a wurin ciniki.

Su ma mutanen jami'a akwai amana a kansu. Kundayen nan da Turanci a ke rubuta su, su zauna a ɗakin karatu, dattijon da ya ba da yininsa yana bayani bai san abin da aka rubuta a kansa ba. Ya kamata ɗalibin da aka yi wa shimfiɗa a zaure ya koma bayan ya ci jarrabawa, ya karanta wa mai gida abin da ya rubuta da Hausa, ya bar masa hotuna, in an sami kuskure a gyara tun mai gyaran yana nan. Wanda ya karɓi ilmi a gun mutum ya ɓoye sunansa, ko a zaure ko a jami'a, bai cika ladabin ɗalibi ba.

Saboda haka in wata rana saurayi ko budurwa suka yi sallama a ƙofar makaranta ko bakin rumfa, da littafi a hannu, suka ce daga Samaru su ke, suna tambayar wa ya koya wa wane zanen aska, a ba su wurin zama, a gaya musu gaskiyar abin da aka sani, abin da ba a sani ba a ce ba a sani ba.

Allah ya jiƙan gwanayen da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba. Ya sa albarka a hannun na baya.